Haƙori da Haƙuri: Ciwon da Ke Biyo Bayan Ciko

Wani kawuna da ke fataucin goro tsakanin Anyama da babbar kasuwar Treichville a Abijan ya shafe wata uku yana fama da kogo a turminsa na ƙasa. Da ƙyar 'ya'yansa suka lallashe shi ya je wurin likitan haƙori. Aka yi masa allura, aka kankare ruɓar, aka cike ramin, ya biya, ya dawo gidansa a Arras yana ta sa wa likita albarka. Washegari da hantsi ya ɓare farin goro ya jefa a baki. Datsawar da zai yi sai ya ji kamar an soka masa tsinke har cikin kunne. Da na je gaishe shi bayan kwana huɗu, na tarar da shi yana kurɓar koko, ga ledar ƙwayoyi a gefen tabarma.

Na ce, "Kawu, me ya hana ku koma wurin likitan?"

Ya ce, "Kai yaro, in koma in ce masa me? Mutum ya yi aikinsa, na sallame shi. Haƙuri zan yi. In ya ƙi, in je a fizge shi in huta."

Da safe na raka shi. Likita ya sa masa wata 'yar takarda shuɗiya tsakanin haƙora, ya ce ya cije, ya duba, ya goge wani ɗan wuri a saman cikon. Ko minti goma ba a yi ba, kuma ba a sake yin allura ba. Kafin mako ya zagayo Kawu ya koma cin goronsa.

Saura ƙiris ya rasa lafiyayyen turmi saboda tudun da kaurinsa bai fi na takarda ba. Irin Kawu suna da yawa a cikinmu, daga Arras har Adjamé. Mun taso ana ce mana haƙuri maganin zaman duniya, kuma haka ne. Amma ciwon da ke biyo bayan ciko iri-iri ne. Akwai wanda haƙuri ke warkarwa, akwai wanda haƙuri ke ƙara wa ƙarfi. Rarrabe su shi ne abin da wannan rubutu ya sa gaba.

Abin da ke cikin haƙori

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon nan mai sheƙi, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba ya jin komai. Ƙarƙashinsa akwai wani abu mai kama da ƙashi, mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda ke cike da ƙananan bututu da ido ba ya gani, dubbai a wurin da bai fi kan allura ba, kowanne da ɗan ruwa a ciki. A can tsakiya kuma akwai ɗaki ƙarami da jijiya da hanyoyin jini suke zaune. Tun shekarun 1960 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana cewa sanyi ko zaƙi ko iska suna motsa ruwan da ke cikin bututun, motsin kuma shi jijiya ke ji a matsayin zafi.

Saiwar haƙori ba a kafe take a ƙashin muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba. Tana rataye ne da wasu siraran zaruruwa da shimfiɗarsu ke da kaurin kusan kashi 1 cikin 5 na milimita, kamar matashin da ke karɓar nauyi. Zaruruwan nan suna da saurin ji ƙwarai. Shi ya sa in ƙwayar yashi ɗaya ta shiga cikin acaken garba, ko silin gashi ya faɗa tuwo, haƙori yake ganewa nan take. Turmin babban mutum kuwa yana iya danna nauyin da ya haura kilo 50 in ya cije da ƙarfi. Duk bayanin da ke tafe a kan waɗannan biyu ya rataya: jijiyar ciki da zaruruwan saiwa.

Tsamin da ke wucewa da kansa

Ciko tiyata ce ƙarama. Injin da likita ke haƙa da shi yana juyawa da gudu, yana haifar da zafi da girgiza ko da ana fesa ruwa, kuma yana buɗe bututun da muka ambata. Don haka ba abin mamaki ba ne haƙori ya yi tsami bayan aiki. Ka kurɓi zoɓo mai ƙanƙara ko ruwan leda daga firji, ka ji tsit kamar walƙiya, daƙiƙa biyu ko uku ya ɗauke. Wannan jijiya ce ta fusata, kuma za ta huce. Yawanci yana lafawa cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ya kai mako biyu zuwa huɗu, musamman in ramin ya yi zurfi.

Alamarsa guda ce: kullum yana raguwa. Na yau bai kai na shekaranjiya ba. Ba ya tasowa haka kawai sai an taɓa shi da sanyi ko zaƙi, kuma ba ya hana barci. A nan haƙuri ya yi rana. A rage sanyi da zafi masu tsanani, a tauna ta ɗaya gefen, a yi amfani da man goge baki na masu tsamin haƙori da buroshi mai laushi. In asuwaki ake yi, a sassauta hannu a wurin.

Haka nan ciwon muƙamuƙi saboda daɗewa baki a buɗe, ko tsamin dasashi inda allura ta shiga, duk sukan tafi cikin kwana biyu zuwa mako. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri ya wadatar. Abin da za a kiyaye a ranar farko shi ne kada a ci abinci sai leɓe ya farfaɗo, wanda kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Yara musamman sukan tauna leɓe ko kumatu ba su sani ba, washegari uwa ta ga gyambo ta zaci allurar ce ta lalace.

Cikon da ya yi tudu

Wannan shi ne ciwon Kawu, kuma yana cikin waɗanda suka fi yawa. Haƙoran sama da na ƙasa suna haɗuwa ne kamar ƙwarya da murfinta, kowane tudu da kwarin da yake faɗawa, nauyin tauna kuma ya rabu a kan dukkansu. In ciko ya ɗara asalin haƙorin tsawo, ko da kaurin gashi ne, shi zai riga kowa taɓawa. Nauyin da ya kamata haƙora da yawa su raba sai ya sauka a kan guda, duk lokacin da aka tauna ko aka haɗiye yawu. Zaruruwan saiwa su kumbura, haƙorin ya zama kamar yatsan da ƙofa ta datse.

Me ya sa haka ke faruwa ko a hannun gwani? Lokacin da likita ya gama ya ce ka cije, kana kwance rigingine, rabin bakinka a mace, muƙamuƙinka ya gaji. Da wuya ka cije yadda ka saba. Ya tambaye ka ko daidai ne, ka ce daidai ne, don ba ka jin komai. Sai allura ta sake ka a gida gaskiya ta fito.

Alamominsa ba su da wuyar ganewa. Kana rufe baki za ka ji haƙori ɗaya ya riga sauran haɗuwa, kamar akwai tsakuwa a wurin. Zafin yana zuwa ne lokacin dannawa. Wani lokaci sanyi ma yakan dame shi, domin dukan da yake sha yana harzuƙa jijiyar. In an daɗe, mutum yakan fara karkata muƙamuƙi don kauce wa wurin, daga nan sai ciwon gefen kunne, ciwon kai da safe, da gajiyar tauna. Mai cizon haƙora cikin barci ya fi kowa shan wahala.

Mutane sukan ce a bar shi, tauna za ta cinye tudun. Kayan ciko na zamani suna da tauri, ba sa cinyewa da wuri. Kafin su lafa, haƙorin na iya fara girgiɗi, cikon ya fashe, ko bangon haƙorin ya tsage, ko jijiyar ta ƙi hucewa. In kwana biyu ko uku sun wuce kana jin cizonka ya sauya, ka koma. Likita zai sa takarda mai launi, ta bar tabo a inda ya yi tudu, ya goge shi, ya sake gwadawa. Galibi ba a buƙatar allura, kuma rashinta ma ya fi, don ka iya faɗin abin da kake ji. A nemi a gwada kana zaune a miƙe, ka cije, ka kuma goga haƙora hagu da dama. Sau da yawa sauƙi yana zuwa nan take, sai dai kumburin zaruruwan kan ɗauki kwanaki kafin ya sauka duka. Wurare da yawa suna ɗaukar wannan gyara a matsayin ƙarashen aikin farko, amma ka tambaya tun ranar biya don kada a yi jayayya.

Kada kuma wani ya gwada gyarawa da kansa da zarto ko dutsen wasa wuƙa. Ɓawon haƙori in ya tafi ba ya tsirowa.

In jijiya ta ƙi hucewa

Akwai ciwon da ya fi wannan nauyi. In ruɓa ta yi zurfi har ta kusa ɗakin jijiya, wataƙila ƙwayoyin cuta sun riga sun isa can tun kafin a yi ciko. Jijiyar ta kumbura a cikin ɗakin da bangonsa ba ya buɗawa, jinin da ke ciyar da ita ya toshe, ta kama hanyar mutuwa. Likita ya yi ƙoƙarin ceto ta da ciko, amma ba kullum ake dacewa ba. Wanda ya yi wata uku ko shekara yana toshe kogo da kanumfari da auduga ya riga ya rage wa kansa sa'a.

Wannan zafin daban yake. Ka kurɓi shayi ko kofi mai zafi da asuba, zugin ya tashi ya ƙi sauka, ya wuce rabin minti, wani lokaci mintoci da yawa. Yana tasowa ba tare da an taɓa shi ba. Yana bugawa kamar zuciya, ya fi tsanani in an kwanta, ya tashe ka tsakar dare. Wasu sukan riƙe ruwan sanyi a baki don su sami sauƙi, wannan kuwa alama ce cewa abin ya yi nisa. Zafin yakan yi yawo har mutum ya kasa nuna haƙorin, ya ce na sama ne alhali na ƙasa ne.

Maganinsa biyu ne: a cire jijiyar a wanke saiwa a cike ta, abin da likitocin Abijan ke kira "dévitalisation", ko a cire haƙorin. Na farko ya fi tsada kuma yakan ɗauki zuwa fiye da ɗaya, amma yana bar maka turminka. Akwai tarko a nan: wata rana zafin zai ɗauke ɗif, mutum ya yi hamdala. Sau da yawa jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa. Ƙwayoyin cuta suna nan suna gangarawa ƙasan saiwa, bayan makonni ko watanni su fito da ƙurji.

Tsaga, maƙalewar nama da haƙorin Makka

In zafin ya fi zuwa lokacin da ka saki cizo, kamar tartsatsi, musamman a kan abu mai tauri, a yi zargin tsaga. Babban ciko yana barin bangon haƙori siriri. Goro, aya, kilishi, guringuntsin cukuya, ƙwallon dabino da aka datsa bisa kuskure, ko buɗe kwalba da haƙori, duk suna iya tsaga shi. Tsagar ba kullum take fitowa a hoto ba, sai likita ya sa ka ciji wani abu a kan kowane tudu ɗaya bayan ɗaya. In an gano da wuri, hular haƙori tana iya ɗaure shi. In ta gangara saiwa, sai cirewa.

Wani kuma matsalarsa a tsakanin haƙora take. In cikon bai manne da maƙwabcinsa sosai ba, duk naman da aka ci sai ya cusa a wurin, dasashi ya kumbura, ya riƙa jini da wari. In kuma gefen cikon ya yi baki ya fito, zaren sakace zai riƙa tsinkewa a wurin. Tsinken sakace ba zai magance wannan ba, sai an gyara cikon ko an sake shi.

Ga kuma wani da ya shafe mu musamman. Alhazai da hajiyoyi da yawa suna da haƙorin Makka. In baƙin ciko na ƙarfe ya taɓa hular zinariya ko ta wani ƙarfe daban, yawu yana haɗa su kamar batir, mutum ya ji ɗan jan lantarki da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yakan ragu da kansa in sabon cikon ya kwana biyu, amma ya kamata likita ya san da haƙorin ƙarfe kafin ya zaɓi abin da zai cika da shi.

Baƙi ko fari?

A Abijan kowane ciko "plombage" ake ce masa, sunan da ya samo asali daga kalmar darma a Faransanci, ko da yake babu darma a cikon yau. Baƙin ciko haɗi ne na azurfa da kuza da tagulla, kusan rabinsa kuma zaiba ce. Yana da ƙarko, amma sai ya yi kamar awa 24 kafin ya gama ƙarfi, don haka a ranar farko ba a tauna abu mai tauri a kansa. Da yake ƙarfe ne, yana saurin kai sanyi da zafi ciki. Farin ciko, wanda ya samo tushe daga aikin Rafael Bowen a Amurka a farkon shekarun 1960, yana daskarewa nan take da shuɗin haske. Sai dai yana ɗan tsukewa wajen daskarewa, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma ba ya son yawu lokacin sa shi. In ya bar 'yar kafa a ƙarƙashi, mutum zai riƙa jin tsit in ya danna tsakiyar cikon ko da babu tudu, kuma maganin wannan shi ne a sake shi.

Duniya tana janyewa daga baƙin ciko saboda illar zaiba ga muhalli. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi a rage shi, a 2022 aka ƙara cewa a kauce masa ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, Tarayyar Turai kuma ta hana shi daga Janairun 2025 sai da larura. Duk da haka, wanda tsohon baƙin cikonsa ke lafiya ba a ba shi shawarar ya je a fasa shi. Duk fasawa tana cin wani yanki na haƙori, tana kuma sake tayar da jijiya.

Ledar ƙwayoyi

Kowa a Abijan ya san Roxy a Adjamé, inda ake sayar da magani a faranti kamar gyaɗa. Mai ciwon haƙori yakan nufi can kafin ya tuna da likita. A tsaya a yi tunani: tudun ciko matsala ce ta awo. Babu ƙwayar da za ta rage masa tsawo. Amoksisilin da makamantansa ba sa taɓa tudu, ba sa ɗinke tsaga, ba sa farfaɗo da jijiyar da ta mutu. Shan su barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Taramol kuwa yana rufe zafi ne, ya bar mutum da jarabar da ta fi ciwon haƙori.

In ana buƙatar sauƙi kafin a ga likita, a sayi farasitamol a kantin magani mai rajista, kuma babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. A lura cewa Doliprane da Efferalgan duk farasitamol ne, kada a haɗa su a zaci magani biyu ne. Ibufurofen yana rage kumburi, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nemi shawara tukuna. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake yi. Ruwan batir, fetur da kanwa ma haka, ko fiye. Kanumfari yana da wani mai da likitoci da kansu ke amfani da shi a cikon wucin gadi, yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya kashe ruɓa. Batun tsutsar haƙori da ake cewa hayaƙi na fito da ita kuwa, babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsamin da ke narkar da ɓawo.

Ranar da ba a jira

Kumburin fuska, zazzaɓi, ruwan mugunya a baki, ko kasa buɗe baki, duk suna nufin a ga likita a ranar. In kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko ya haura wajen ido, ko haɗiya da numfashi suka fara wuya, wannan maganar rai ce, ko da tsakar dare ne. Ƙurjin turmin ƙasa yana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ya toshe maƙogwaro. Mai ciwon sukari yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Babban asibitin koyarwa na Treichville yana nan kusa da mutanen Arras, a Cocody kuma akwai sashen koyar da likitancin haƙori na Jami'ar Félix Houphouët-Boigny, inda ake duba marasa lafiya. Duk inda za a je, a tabbatar likita ne mai lasisi, a guji masu cire haƙori a bakin kasuwa.

Abin da za ka faɗa wa likita

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana ganin haƙori, kai kake jin sa, kuma rabin gano cutar daga bakinka yake fitowa. Kafin ka je, ka tanadi amsar tambayoyi huɗu. Me ke tayar da zafin: sanyi, zafi, zaƙi, dannawa ko sakin cizo? Daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya sauka? Yana tashinka daga barci? Raguwa yake ko ƙaruwa? In Faransanci bai zauna maka ba, ka tafi da ɗa ko ƙane ya yi tafinta, ko ka riƙe jimla ɗaya: "Le plombage est trop haut", wato cikon ya yi tsawo.

Abin da ya hana Kawu komawa kunya ce, gani yake kamar zai ce wa mutum bai iya aikinsa ba. Da likitan ya ji kwana huɗu aka yi ana shan koko, cewa ya yi, "Alhaji, da kun zo tun washegari ai da kun huta." Hausawa sun ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle tsakanin haƙori da baƙon abin da aka dasa masa rana ɗaya. Komawa a daidaita ciko yana cikin aikin, kamar yadda ake mayar wa tela riga ya rage wuya. A ba tsamin sanyi mako biyu zuwa huɗu muddin yana raguwa. A ba tudu kwana biyu ko uku. Zugin dare da kumburi kuwa ba a ba su ko kwana ɗaya.